Yadda Kawu Ya Rasa Tanda, Rabin Gemu da Harbin Gani

Kawuna ɗan bindiga ne, amma a kwantar da hankali, ba irin na daji da ake jin ta'asarsu a rediyo ba. Na sarki ne. Duk hawan Sallah, da na Sallar Gani da ake yi a Daura cikin watan Rabi'ul Awwal, yana cikin ayarin masu bindigar toka da ke turnuƙe filin Kangiwa da hayaƙi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Bashar yake wannan aiki, ya kuma ci gaba bayan an naɗa Alhaji Umar Faruk Umar a 2007. Gidansa yana nan Kusugu, ba nisa da rijiyar da aka ce a nan Bayajidda ya sare kan maciji.

Bindigarsa harba-ka-ruga ce ta gado. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sanda. Cikin bututunta sumul ne, babu tsaga ko ɗaya. Ranar hawa kuwa ba a sa mata harsashi sam, tunda ba farauta aka fito ba. Ƙara ake so da hayaƙi, dawakai su zabura, yara su toshe kunne, mata su rangaɗa guɗa. Mai karatu ya riƙe wannan batu da kyau, domin Kawu bai riƙe shi ba.

Ta waya masifar ta shigo gidan. Wani ɗansa ne ya nuna masa bidiyon wani dattijon Ba'amurke mai tabarau, zaune a garejinsa yana zuba harsashin dalma da hannunsa, yana kuma maƙala wa kowanne wani ɗan murfin jan ƙarfe a gindi. Kawu ya kalla, ya sake kalla, sannan ya aika a kira ni in yi masa tafinta.

Abin da Baturen yake yi ba shirme ba ne. Tun da wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da albarushi marar hayaƙi a 1884, bindigogi suka ƙara zafi da gudu. Ita kuwa dalma laushi gare ta, a digiri 327 kacal take narkewa. In aka harba harsashin dalma zalla da ƙarfi sosai, iskar wutar takan kurɗa ta gefensa, ta zaizaye gindin, ta dame cikin bututu da dalma, sai saiti ya lalace. Jan ƙarfe kuwa sai zafi ya kai digiri 1,085 yake narkewa. Shi ya sa a farkon shekarun 1900 kamfanin Ideal na John Barlow, a garin New Haven, ya fara sayar da wannan ɗan murfi da suke kira gas cek, kuma kamfanin Lyman da ya sayi Ideal a 1925 ya ɗora daga nan. Har yau akwai mutane a Amurka da ba su da abin hira a ƙarshen mako sai wannan.

Na ƙara wa Kawu da cewa duk wannan magana ce ta bindiga mai tsagaggen ciki, mai jefa dogon harsashi, ba irin tasa ba. Sai ya ɗaga mini hannu.

"Kai yaro, wuta ai wuta ce. Tasa ce bindiga, tawa muciya?"

Dalma bai sha wuyar samunta ba, wani mai cajin batir ya tara masa kawunan tsofaffin batura. A bidiyon, Baturen ya fara zuba narkakkiyar dalmarsa cikin farantin gasa kek mai ramuka, don ta daskare dunƙule-dunƙule. Kawu ya waiga tsakar gida, idonsa ya sauka kan tandar ƙarfen da matarsa Gwaggo take soya masar sayarwa kowace safiya. Ta wanke ta, ta jingine a gindin darbejiya, ta tafi barkar haihuwa. Ya hura gawayi, ya ɗora tsohon gwangwani, ya ɗauko tabaran karatunsa ya ƙwama, ba don tsaro ba, don dai Baturen ma da nasa. Wannan kwaikwayo shi kaɗai ne ya yi masa rana.

Cikin ramin tanda na biyu akwai sauran ruwan wanki, bai fi ɗigo uku ba. Ruwa in ya zama tururi yakan kumbura sama da ninki 1,600, kuma in narkakkiyar dalma ta rufe shi, ba ya neman izinin fita. Sai ji muka yi fus! tas! Dalma ta yi tsartuwa sama, ta sauko kan zana, kan hular Kawu, kan gilashin tabarau, kan babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Kaji suka haye katanga, akuya ta tsinke igiya. Kawu ya miƙe yana salati yana kakkaɓar haɓa, gefen hagu na gemunsa yana ƙauri, rigar kuwa ta yi ɗige-ɗigen fari tun daga wuya har aljihu, kamar gashin zabo.

Ana cikin haka Gwaggo ta yi sallama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi tanda, ta dubi gemu, ta sake duban tanda.

"Malam, masar azurfa za mu fara sayarwa?"

Daga nan ta karanto masa abin da duk mai rediyo ya ji a 2010: yadda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da bakin yara, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka kai ɗauki. Ta ce tandar nan ta mutu, ko almajiri ba za a soya wa masa a cikinta ba. Ta sa aka kankare ƙasar wajen aka fitar, ta hana jikoki wasa a nan, ta kuma ɗora masa kuɗin sabuwar tanda da ribar duk safiyar da ba ta yi ciniki ba. A duk gidan, har da ni mai fassara, ita ce ta fi fahimtar kimiyyar abin.

Wani da tuni ya haƙura, ban da Kawu. Ya kwashi ƴan dunƙulallen da suka tsira ya nufi maƙera, a yanka masa murafan jan ƙarfe. Maƙerin ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Malam, ni fartanya da lauje nake ƙerawa. Harsashi kuwa, ka nemi wanda ya gaji da kwanan gidansa." Gaskiyarsa kuwa, domin Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba.

Sai Kawu ya dawo gida ya yanko nasa da almakashi daga wani tsohon bututun firiji. A nan babbar tambayar ta taso. Harsashin Bature dogo ne, tun wajen zubi aka rage masa gindi don murfin ya zauna, kuma injin hannu ne yake matse shi. Na Kawu dunƙule ne. Ya juya shi gabas, ya juya shi yamma, ya dube ni.

"To wai ina gindin?"

Da bai samu amsa ba sai ya ɗauko guduma. Na farko ya zama kwabo. Na biyu ma haka. Na uku ne murfin ya kama, a karkace, Kawu ya yi hamdala ya ce bari ya gwada shi a bakin bindiga, gwaji kawai, babu albarushi. Ya shiga ɗan yatsa ɗaya ya tsaya. Ya danna da sanda, ya ƙara taƙi guda, ya kafe. Ba gaba, ba baya. Aka zuba man gyaɗa, aka rataye bindigar kai ƙasa a reshen darbejiya ta kwana, da safe man ne kaɗai ya fito. Ga shi kuwa jajibirin hawan Gani ne.

Babban ƴan bindiga yakan duba kayan kowa kafin a fita, don bindigar da bututunta ya toshe a hannun mai ita take fashewa. Ya zura sanda a ta Kawu, sanda ta tsaya a hanya.

"Mene ne a ciki?"

"Ilimi ne na Amurka, ranka ya daɗe."

"To ilimin ba zai sha albarushi yau ba."

Don girman shekarunsa aka bar shi ya shiga sahu da bindigar a kafaɗa. Duk sanda abokansa suka saki wuta, sai shi ma ya ɗaga tasa sama, ya girgiza kafaɗa, ya ja da baya taku ɗaya. Ya kusa tsira da mutuncinsa, sai wani yaro a bakin hanya ya ƙwala murya: "Baba, taka ba ta hayaƙi!" Kawu bai ko waiwaya ba, ya shafa rabin gemunsa ya ce, "Ta zamani ce. Albarushin Faransa."

Har yanzu murfin yana cikin bindigar, bindigar kuma tana ƙarƙashin gadon Gwaggo, wadda ta ce ba mai fita da ita gyara sai an gama biyan kuɗin tanda.