Jinjina ga Masu Cewa Kowa Sai Ya Yi Digiri

Allah ya saka da alheri ga masu cewa kowane ɗa a ƙasar Haɗeja sai ya shiga jami'a. Sun yi aikin da ya gagari Nasara. A 1906 Turawa suka shigo garin nan da bindiga, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan mutanensa, amma ko bayan an ci garin ba a iya raba Bahaɗeje da kogi da fadama ba. Su kuwa waɗannan bayin Allah, ba harsashi ba igwa, sun sa ɗan masunci yana jin kunyar a ce ubansa masunci ne, ɗan manomi yana ɓoye hannu wajen gaisawa saboda kanta. Nasara irin wannan ai sai a buga mata tambura.

Ku dubi hikimar tsarin. Duk shekara yara kusan miliyan biyu ke zana jarrabawar JAMB a Najeriya, ko rabinsu ba sa samun gurbi. Wane mai basira ne ya fi wanda ya tura jama'a gaba ɗaya ƙofar da ba ta ɗaukar rabinsu, sannan ya juya ya kira waɗanda suka rage a waje marasa rabo? Yaro ya zana bana, ya zana baɗi, ya sake zanawa. Shekarun da zai yi a gaban mai walda ko makaniki har a yaye shi ya buɗe nasa wurin, sai ya ƙarar da su yana zaman jiran sakamako a bakin titi. Madalla. Aƙalla dai hannunsa bai yi baƙin mai ba, kuma in an tambayi mahaifiyarsa a gidan biki tana da abin faɗa: yana neman gurbi.

Wanda ya dace ya samu kuma, sai a yaba wa uban. Ya sayar da shinkafar da iyali za su ci, ya kai tumaki kasuwa, ya ba da gonar fadama jingina, duk don a ce gidansa ma an yi. Ba a tambayi yaron ko yana son karatun ba, ba a tambayi malamansa ko kansa na ja ba. Tambayar me? Ɗan makwabci ya tafi, shi ke nan hujja ta cika. A 2022 malaman jami'a suka shiga yajin aiki tun daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur ɗalibai na zaune a gida. A daminar shekarar ce ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da sauran sassan masarautar. A waɗancan kwanakin masu kwale-kwale ne suka yi ta kwashe mata da yara, masu shebur da buhun yashi ne suka kwana a kan jinga suna tare ruwa. Babban kuskuren da aka yi shi ne ba a tsaya an duba takardun kowa ba. Yaya za a bar mutumin da ko sakandare bai gama ba ya ceci rai?

Shi kansa kogin ya kamata ya yi godiya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Haɗeja ta sauya. Da can ruwa kan zo da ƙarfi da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Da ya koma yana malalowa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kachala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa har zuwa wajen Nguru, ta mamaye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki da ke faɗa wa shinkafa. Inda ake son ruwa babu, inda ba a so ya yi yawa. Magance wannan aiki ne na mai tuƙa injin yashe kogi da mai gyara shi in ya tsaya, na mai kula da ƙofofin ruwa a aikin noman rani na Auyo, na mai haƙa rijiyar ban-ruwa da mai haɗa famfon sola, na mai kwance injin casar shinkafa ya mayar da shi yadda yake. Alhamdulillahi, mun kuɓutar da 'ya'yanmu daga waɗannan ƙananan ayyuka. Kachala ta ci gaba da yaɗo abinta, za mu rubuta mata kundin kammala karatu, a yi masa bango mai kauri, a ajiye a kanta.

Akwai kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman a cikin garin Haɗeja, wadda asalinta makarantar koyon aikin gona ce. Mun yi ƙoƙari ƙwarai wajen koya wa yara cewa can wurin wanda jami'a ta ƙi ne. Hukuma ma ba ta bar mu mu kaɗai ba: shekara da shekaru mai babbar difloma na bayan mai digiri a aikin gwamnati, ko da shi ne ke riƙe da aikin. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin kawar da bambancin, ba a sa masa hannu ba. Kafin nan, a 1982, an kawo tsarin 6-3-3-4 don yaro ya taɓa zarto da guduma tun a ƙaramar sakandare, aka shigo da injina daga waje, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunan da suka zo. Haka ya dace. Ina amfanin injin da zai ɓata wa yaro farar riga?

Sai kuma ranar girbi. An gama, an yi bautar ƙasa, an ɗauki hoto da kaki an rataye a falo. Daga nan sai ɗaukar fayil daga Dutse zuwa Abuja, ana neman aikin da sai mai uwa a gindin murhu. Shekara ta zagayo, saurayi ya dawo ya nemi aron jari wajen ƙanensa da ya koyi gyaran waya, ko wajen abokinsa da ke loda bandar kifi a kasuwar Haɗeja ana kaiwa Kudu. Kada wannan ya dame mu. Shi mai kifin ya gina gida, ya yi aure, yana ciyar da iyayensa, amma har yanzu ba ya iya cewa komai da Turanci, kuma in sun je neman aure gida ɗaya mun san wanda za a shimfiɗa wa darduma.

Abin tausayi su ne mutanen Jamus. Kusan rabin matasansu koyon sana'a suke shiga: shekara uku ko kusa da haka, wasu kwanaki a masana'anta wasu a aji, ana biyan su, a ƙarshe a ba su shaidar da ƙasa ta yarda da ita. Da sun zo sun koyi wayo a wurinmu, da ba su ƙare a ƙera Mercedes ba.

Mafi girman abin yabo shi ne yadda muke alkawarin jami'a ga kowa alhali yara sama da miliyan goma a ƙasar nan ko firamare ba sa zuwa, da yawansu a Arewa. A ƙauyukanmu za ka sami yaro ya kai aji biyar bai iya karanta wasiƙa da Hausa ba. Mun zama magini mai ɗora rufi kafin ya tayar da bango.

Gatse ya isa haka, don abin yana ci mini rai. Ƙasar Haɗeja na buƙatar likitoci da injiniyoyin ruwa da malamai, kuma ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga ta Tarayya a Dutse. Yaro ko yarinyar da Allah ya ba kai da sha'awar karatu, a tura su, a sayar da rago dominsu, ba asara ba ce. Kowane yaro kuma haƙƙinsa ne ya iya karatu da rubutu da lissafi. Abin da na ƙi shi ne a mayar da hanya ɗaya tilas, a wulaƙanta wanda ya bi wata.

Gwamna Umar Namadi ɗan wannan masarauta ne, ya san kachala ya san ambaliya. Muna roƙonsa ya zuba kayan aiki da ƙwararrun malamai a makarantun fasaha, ya sa a riƙa jarraba yaran da suka koyi sana'a wajen iyayen gidansu a ba su shaidar da za a ɗauke su aiki da ita. Kai kuma uba, kafin ka ba da gonar fadama jingina a bana, zaunar da yaron ka tambaye shi abin da yake so ya iya, ka je ka tambayi malaminsa, sannan ka yanke shawara.