Jinjina Ga Masu Koya Wa Abare Tsimi

Allah ya ja zamanin masu nasiha! Allah ya ƙara wa bironsu tawada, ya ƙara wa muryarsu amo a rediyo. Shekara da shekaru mutanen Abare suna ɗingishi da bashi kamar mai ƙaya a tafin ƙafa, ashe maganin yana bakin wani bawan Allah da ke zaune cikin ɗaki mai sanyi a Gusau ko Abuja. Ku rubuta abin da ke shigowa, in ji shi, ku rubuta abin da ke fita, ku tsuke bakin aljihu, ku bar almubazzaranci, sai ku wayi gari ba mai binku ko anini. Kai, wannan hikima da yawa take! Ina ma iyayenmu sun rayu sun ji ta.

Malam Mai Nasiha, na saurare ka da kunnena, na kuma riƙe karatun. Ka ce a raba abin da aka samu a wata gida uku: kashi 50 cikin ɗari ga abin da ya zama dole, kashi 30 ga abin sha'awa, kashi 20 ga ajiya da biyan bashi. Wannan ƙa'ida daga Amurka ta fito, daga littafin da Elizabeth Warren ta rubuta tare da 'yarta a 2005, saboda ma'aikacin da albashinsa ke faɗowa banki duk ƙarshen wata. Madalla da wanda ya ɗauko ta a ka, ya tsallako teku, ya kawo ta har ƙaramar hukumar Anka ko ɗigo bai zubar ba. Manomin Abare sau ɗaya a shekara yake ganin kuɗi a dunƙule, da kaka, shi ma in an bar shi ya girbe. To ina ruwanka? Kai dai lissafinka ya fita, 50 da 30 da 20, ɗari cif.

Tunda kashi 30 ɗin nan na sha'awa shi ne za a yanke a biya bashi, zo mu shiga gida ɗaya mu nemo shi. Yi sallama, ka cire takalmi. Ga uwargida can bakin murhu da tiya a hannu. A da tiya biyu take aunawa na tuwon dare. Yanzu ɗaya ce, kuma in ta cika sai ta sa gefen hannu ta shafe tozon ta mayar cikin buhu. Abincin rana an daɗe da sallamarsa. Miyar kuka ce, ba mai ba nama, dunƙulen magi ɗaya ana gutsura shi ya kwana biyu. In damina ta zauna rumbu ya yi ƙasa, tafasa da rama ke riƙe cikin yara har la'asar. Leƙa ɗakinta. Jeren kwanonin da iyayenta suka yi mata ranar aure babu ko ɗaya, sai shatar inda suka zauna a jikin bango. Turken awaki yana nan, igiyar ma tana nan. Duba da kyau, Malam, wataƙila almubazzarancin yana ƙarƙashin tabarma.

Wannan gida na innata ne, ƙanwar mahaifiyata. Na taɓa zama kusa da ita na maimaita mata karatunka kalma bayan kalma. Ba ta ɗaga kai daga tankaɗen da take yi ba, ta ce, "Ɗana, mi ya rage da ba mu rage ba? Abinci munka rage, sabulu munka rage, magani munka bari. Sai dai mu rage ɗiyan."

A wani garin ana iya jin wannan magana a yi murmushi. A Abare ba a yi.

Ai Malam, da ka san tarihin garin nan da ka sa shi a cikin darasinka, don babu inda aka bi nasiharka sau da ƙafa kamar nan. Ba kai ne kake cewa mai bashi ya nemi hanyar samu ta biyu ba, kuma kowa a gida ya sa hannu? Sun yi. Lokacin da farashin zinare ya haura dala 1,000 a kasuwar duniya, manoman da amfanin gonarsu ba ya kai su wata kaka suka shiga haƙar duwatsu. Ba su kashe kuɗin hayar wuri ba, ba su ɗauki lebura ba. Gida aka riƙa kawo dutsen, mata su farfasa, a kai injin niƙa, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta kwanta a ƙasar da jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Ba wanda ya zo ya gaya musu dutsen cike yake da dalma. Masu nasiha a lokacin suna can suna wata nasihar. Yara suka fara suma da jijjiga suna mutuwa a hannun iyayensu, har likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin a watan Maris na 2010. Yara wajen 400 gubar dalma ta kashe a Abare da Dareta da Sunke da Tungar Daji da Bagega da 'Yargalma da maƙwabtansu, a ƙasar Anka da Bukkuyum. Waɗanda suka tsira, wasu sun tsira da lahani a ƙwaƙwalwa da ba zai warke ba. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka zubo sabuwa. Zinaren kuwa ya bi hannun dillalai ya yi gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwamnati ma ba a bar ta a baya ba wajen tsimi, dole a yaba mata. Kuɗin kwashe gubar daga Bagega da ta yi alkawari a 2012, ta riƙe su gam, ba ta sake su ba sai farkon 2013, bayan matasa sun cika intanet da kururuwa. Duk tsawon watannin nan yaran Bagega a cikin ƙurar suke kwana suna tashi. Haka ake so a riƙe aljihu!

Takardar kasafinka ma ta burge ni, layi-layi tsaf: abinci, haya, sufuri, makaranta. Taimako ɗaya nake nema. A wane layi za mu rubuta kuɗin da ɓarayin daji ke yanka wa gari kafin a bar shi ya yi shuka, da wanda suke ƙara yankawa kafin a bar shi ya yi girbi? A layin dole ko a layin sha'awa? In an ɗauke wa mutum ɗa ko mata, aka bugo waya aka faɗi kuɗin fansa, aka ce a haɗo da sabon babur da katin waya, wane kashi zai taɓa? Bari in gaya maka yadda ake haɗa irin wannan kuɗi, tunda ba a koyar da shi a inda ka yi karatu. Ana fara da shanun huɗa. Sai awakin mata da kayan ɗakinsu. Sai a jinginar da gona. Sai a bugo wa ɗan'uwa mai acaba a Legas, da mai faci a Kano, kowa ya ranto a inda yake. Sai a tashi a masallaci bayan sallah a roƙi jama'a. In Allah ya sa mutum ya dawo da rai, ya dawo gidan da ba sa, ba gona, ba hatsi, sai sunayen mutum goma da ake jin nauyin haɗa ido da su a hanya. Wannan shi ne bashin da kake so a biya da rage cin magi. Sannu da basira.

A watan Janairu na 2022 an kai hari ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutanen yankin sun ce wajen mutum 200 aka kashe, gwamnati ta ce 58. Waɗanda suka gudu suka tare a garin Anka sun cika duk sharuɗɗanka, Malam. Ba sa sayen taki, ba sa biyan 'yan ƙwadago, ba sa gyaran katanga. Kashe kuɗinsu ya sauka ƙasa warwas. Ya kamata a kira su a ba su lambar yabo.

Mahukunta kuma sun yi ta taimakawa. A Satumba ta 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, sai ga shi ba kuɗin kati ba kuɗin cefane, ba kuma inda za ka kai tunkiyarka ka sayar ka biya mai binka. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. A tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, a watan Agusta kuma ambaliya ta cinye gidaje da gonaki a Gummi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Masu cewa a ƙara haƙuri sun nuna misali mai kyau: a 2023 aka saya wa 'yan majalisar tarayya sabbin motocin jif, a 2024 aka ƙaro jirgin shugaban ƙasa. Su ma ai tsukewar suka yi, aljihun ne kawai ba nasu ba.

Kada in manta da abokin aikinka, Alhaji mai buhu. Allah ya saka masa! Shi ne mai tausayin da ke buɗe sito a tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya yi tsada rumbuna suka bushe. Buhu ɗaya yake bayarwa, da kaka ya karɓi ɗaya da rabi, wani lokacin biyu. Kada ka ce ruwa ya ci, taimako ya yi. Da kaka, ranar da kowa ya fito da hatsi farashi ya faɗi, ranar ce manomi zai auna wa Alhaji nasa, ya sayar da saura da araha ya toshe bakin sauran masu binsa. Kafin watan shuka rumbu ya koma fayau. Sai ya koma wurin Alhaji ya ranto hatsin da shi ya noma da hannunsa. Bana ta ci baɗi tun ba a yi shukarta ba. Duk wannan a jihar da ta riga kowa shelar shari'a a 1999. A cikin darussanka ban taɓa jin ka ambaci Alhaji mai buhu ba. Na gane, mutumin kirki ba ya taɓa manya. Tukunyar talaka ta fi sauƙin leƙawa.

To, bari in ajiye yabon nan, ya ishe ni, ƙirjina ma zafi yake yi.

Ba ni da faɗa da tattali. Ma'aikacin da ke cin bashin banki don lefe da ankon biki da sabuwar waya, ka same shi ka gaya masa gaskiya, zan tsaya a bayanka. Amma mutanen da suka gina rumbu, suka san adashe da asusu tun kaka da kakanni, ba kai za ka koya musu ajiya ba. Ba kuma kai za ka koya musu tsoron bashi ba. A garuruwanmu ko a wurin jana'iza sai an yi shela cewa wanda ke bin mamaci bashi ya zo ya faɗa wa magada. Bashi hanji ne yana cikin kowa, mun sani, amma na ga dattijo ya sayar da babbar rigarsa ta Juma'a don kada a kira shi maci amana. Abin da ke ci mini rai shi ne nasiharka tana ɗauke laifin daga kan wanda ya kasa tsare hanyar gona, da wanda ke ninka buhu, da wanda ya kwashe zinaren, ta ɗora shi a kan matar da ke shafe tozon tiya. Tana sa mutumin da aka yi wa fashi ya kwana yana zargin kansa da rashin lissafi. Wannan zalunci ne, ko da murmushi aka yi shi.

Addinin da muke bi bai bar mai bashi shi kaɗai da takarda da biro ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma a surar nan ta Baƙara aka umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Cikin rukuni takwas na mutanen da ake ba zakka akwai wanda bashi ya yi wa katutu. Zamfara tana da Hukumar Zakka da Waƙafi. Ina roƙonta ta sa masu bashin fansa a sahun gaba, ta fanso gonakin da aka jinginar, don wanda gonarsa ta dawo hannunsa zai biya sauran da guminsa. Ina roƙon malamanmu su hau mumbari su kira bashin buhu da sunansa. Ina roƙon gwamnatin jiha da ta tarayya su tsare hanyar gona daga shuka har girbi, su kai hatsin rance ƙauye da damina, buhu a mayar da buhu.

Kai kuma Malam Mai Nasiha, in ka tashi shirya darasi na gaba, ka zo Abare tukuna ka kwana biyu, ka ci abin da ake ci. Za ka tarar da innata a bakin murhu. Har yau tiya ɗaya take aunawa, mutum tara ke ci.