Babin Aron Babur da Hayarsa

Babur yana barin hannun mai shi da yardarsa ta hanya biyu: aro da haya. Akwai ta uku wadda ba a neman izini, amma mutanen Karare da sauran ƙauyukan Batsari da Safana da ke makwabtaka da dajin Rugu ba sa bukatar a yi musu bayaninta.

Aro yana farawa ne da doguwar gaisuwa. Mutum zai zo da sassafe ya tambayi lafiyar iyali har da ta awaki, sannan ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, ɗan ba ni makulli, nan da Batsari zan je, yanzu zan dawo." Irin wannan tafiya takan ƙare bayan La'asar. Mai aro kusan kullum ƙane ne ko suruki ko makwabci, domin bare ba ya da bakin tambaya, kuma su ne mutanen da ba a iya hanawa a kwana lafiya. Wanda ya hana, kafin azahar labari ya kai majalisa cewa tun da ya sayi Boxer ya daina ganin mutane.

Daga nan sai batun mai. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi, farashin gwamnati bai kai naira 200 kan lita ba, kuma ba a cika yin gaba a kan tanki ba. Da lita ta haura naira 1,000 a 2024, sai masu babur suka koyi girgiza tanki suna kasa kunne kafin su miƙa makulli. Masu aro su ma ba a bar su a baya ba. Sukan tsaya wajen ɗan bumburutu su zuba daidai abin da zai kawo su ƙofar gida, inda babur zai yi tari sau biyu ya mutu.

Haya ta fi tsari, aƙalla a baki. Mai babur ya ba ɗan acaba, shi kuma ya riƙa kawo balas kullum ko duk mako. Mai da faci da fulogi na ɗan acaba ne, babban gyara na mai babur. Rigimar ita ce ba a taɓa samun ƙaramin gyara ba: ɗan acaba yakan yi haƙuri da baƙin mai har sai inji ya buga, ya zama babban gyara. Balas kuwa yana zuwa cif a makon farko, a na biyu an yi ruwa, a na uku an yi rasuwa.

Malaman Malikiyya sun daɗe da zama a kan mas'alar. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa shi ke da lamuninsa, amma dabbar hawa ba ya biyanta sai in ya ƙetare iyaka. Masu aro sun riƙe rabin farko na hukuncin dabba da kyau. Ɗora buhu uku da mutum biyu a bi hanyar da jaki ma zai yi shawara, wannan ba ya cikin ƙetare iyaka a wurinsu.

Hukuma ma ta sa baki. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar tsaro da ta hana goyon mutum uku a babur, da sayar da mai a jarka, da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. A yanki irin na dajin Rugu, in aka tare babur a inda bai dace ba, mai shi ake nema ya zo ya yi bayani, ko da yana gona tun asuba. Wannan kam ba abin dariya ba ne.

Misali mafi kusa shi ne abin da ya sami mai wannan rubutu. Ƙanin matarsa ya ari babur zai kai masara niƙa. A wurin niƙan abokinsa ya ara zai gaida mara lafiya, shi kuma abokin ya tausaya wa wani ɗan acaba da nasa ke wajen bakanike. Da yamma ta yi babu labari, ga ta'aziyya ta kama, sai mai babur ya fita bakin hanya ya tsayar da acaba. Yana ɗora ƙafa ya ga ɗinkin siti da baƙin zare, aikin hannunsa. Madubin hagu babu, bayan yana warin bunsuru. Ya yi shiru don ya ga ƙarshen abin. Da suka faɗa rami sai ɗan acaba ya waiwayo ya ce, "Yi haƙuri Malam, mashin ɗin ne ba lafiya. Mai shi wani marowaci ne, ko birki ba ya gyarawa." Da suka isa ya nemi naira 500. Mai babur ya ce nasa ne, yaron ya ce kowa ma haka yake cewa tun da mai ya yi tsada. Jama'ar da ke zaman makoki suna kallo, dole ya biya, ya kuma dawo gida a ƙasa.

Babur ya iso bayan Isha'i, ana turo shi. Surukin ya ce an gode, ya ƙara da shawarar a duba kulochi.

Hukuncin da ya fi sauƙi dai shi ne: haya a yi ta da shaidu da rubutu, a fayyace wanda zai sayi baƙin mai. Mai neman aro kuma, in uzurinsa na gaske ne, kamar haihuwa ko asibiti, mai babur ya tashi ya kai shi da kansa. In niƙa ce, akwai amalanke.