Rimi Biyu, Kujera Biyu

Ku masu gardamar bakin shago, ku gyara zama. Idan na ce muku an yi lokacin da Rimi ke mulkin Kano, Rimi kuma ke mulkin Kaduna, na san wani zai taɓe baki ya ce ai mutum ɗaya ne marubuci ya raba shi biyu don ya cika shafi. To, malam, sassauta.

Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano a 1979 a jam'iyyar PRP. A Kaduna kuwa, majalisa ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi har zuwa 1983. Gwamna biyu, jam'iyya ɗaya, suna ɗaya. Ko yanzu ma da sauran musu?

Na ji wani daga baya yana cewa, "To ai wa da ƙane ne." Kai ma ka faɗi! Na Kano ɗan Rimin Sumaila ne, na Kaduna kuwa Riminsa na ƙasar Katsina. Sunan gari kowanne ya ɗauka, kamar yadda Aminu ya ɗauki Kano, Shehu ya ɗauki Shagari. Garuruwan kuma sunan bishiyar rimi suka ci. In dai suna ke ƙulla zumunta, sai ku kai wa bishiyar goron Sallah, don ita ce kakarsu.

Ga kuma masu rabon gado ba a gayyace su ba, masu cewa Kasuwar Rimi ta cikin birnin Kano sunan gwamna aka sa mata. Ina! Ta riga mulkinsa. Wadda ke ɗauke da sunansa ita ce kasuwar Sabon Gari, sai gidan talabijin na ARTV. Unguwar Rimi ta Kaduna ma kada ku miƙa wa Abba Musa.

In kuna son abin da za ku jingina wa na Kano, akwai: shi ya soke haraji da jangali, ya kafa jaridar Triumph. Wannan ba bishiya ce ta yi ba.

Saboda haka, gobe in an ambaci Gwamna Rimi a majalisarku, kafin ku ɗaga murya ku fara tambaya: na wane gari?