An Bar Tom Bombadil a Tasha

Wanda ya karanta The Lord of the Rings na Tolkien kafin ya kalli fim ɗin Peter Jackson na 2001 ba ya ɓuya: shi ne mai tsaki. Ana cikin kallo sai ka ji, "Haba! Ba haka aka yi ba!" kamar da shi aka yi tafiyar.

Abin haushin, yana da gaskiya. A littafi, bayan Bilbo ya bar masa zoben, Frodo ya shekara 17 zaune a gida yana ajiye tumbi, sai da ya kai 50 ya ɗaure kaya. A fim kuwa, kafin ka gama ɓare gyaɗarka an tura yaro ɗanye shakaf, Elijah Wood, ya kama hanya.

Amma Tom Bombadil aka fi zalunta. Dattijo ne mai shuɗiyar riga da takalma rawaya, bakinsa ba ya rabuwa da waƙa. Zoben da ake ta kashe-kashe a kansa, shi ya karɓa ya zura a yatsa, bai ɓace ba kamar yadda masu sa shi kan ɓace, ya yi dariya ya mayar. To, in aka nuna wannan, wa zai ƙara tsoron zoben? Sai aka ce mota ta cika.

Da aka zo kan The Hobbit, ɗan littafin yara, aka ja shi kamar danƙo har fim uku, daga 2012 zuwa 2014, aka ƙirƙiro wata Tauriel da Tolkien bai taɓa sani ba, har da saurayi. Ashe akwai kujera.