Wasiƙa Daga Saitama Kan Kashi Na Biyu

Saitama, Japan

Taubashina,

Ina fata kana lafiya, da amarya da yara, da Gwaggo da ciwon ƙafarta. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Aiki mun gode Allah, muna ta kwance motoci muna loda injina a kwantena zuwa Legas. Na san tun da aka miƙa maka ambulan ɗin nan hannunka ke rawa, ka ɗaga shi sama kana leƙen ko da kuɗi a ciki. Sauke shi, babu ko sisi. Ƙara na kawo maka, kuma kai ya kamata ka saurare ta, tunda kai ka jefa ni cikin wannan harka.

Ka tuna faifan nan da wani ya manta cikin bidiyon da ya kawo maka gyara? Ghost in the Shell. Muka sa shi da zaton katun ne na yara, ƙannenka suka cika shago, kafin minti biyar ka gane na manya ne, ka bi su da wayar eriya har bakin titi. Fim ɗin 1995 ne, Mamoru Oshii ya shirya shi daga littafin zane na Masamune Shirow. Labarin shekarar 2029 ne, zamanin da ake yi wa ƙwaƙwalwar mutum kutse kamar kwamfuta, ga Manjo Kusanagi ta Sashe na Tara, wadda jikinta duk na'ura ne, tana tambayar kanta ko akwai abin da ya rage nata na ainihi. Har gobe ban manta da mai kwasar sharar nan ba, wanda yake ta faman ganin 'yarsa, aka zaunar da shi aka ce masa bai taɓa aure ba, dasa masa tunanin aka yi, hoton da yake nunawa babu mace babu yarinya a ciki. Kai da bakinka ba ya hutawa ko a gidan makoki, ranar shiru ka yi har janareta ya mutu.

To, kashi na biyun ya shigo hannuna. A wani shagon gwanjo na tsince shi, sunansa Innocence, ya fito a 2004. Oshii ne dai, kamfanin Production I.G ne dai, Kenji Kawai ne dai da gangunansa da muryoyin matan nan masu tayar da tsigar jiki. Har gasar babbar kyauta ta bikin fina-finai na Cannes a Faransa ya shiga, abin da fim ɗin zane bai cika samu ba. Na dafa shinkafa, na kashe waya, na gyara zama.

Taubashi, Manjo ba ta nan. Tun da ta shige intanet a ƙarshen na farko ba ta dawo ba. An bar mu a shekarar 2032 da Batou, ƙaton nan mai idanun ƙarfe, da Togusa mai mata da 'ya. Wannan na haƙura da shi, domin labarin da aka ɗauko mai kyau ne: wani kamfani, Locus Solus, yana ƙera mutum-mutumi masu siffar 'yan mata yana sayar wa masu kuɗi, sai ga su sun fara kashe iyayen gidansu suna kuma yayyaga jikinsu. Duk wanda ya ji haka ai ya matso kusa.

Amma sai ka ji yadda 'yan sandan nan ke magana! Batou ya buɗe baki, Konfushiyas ne ya fito. Ya sake buɗewa, sai ga Milton. A je ɗakin binciken gawa a tarar da Dekart, a hau jirgi a jawo Zabura, a sauka a ɗauko Buda. Mutum biyu suna bin sawun masu kisa, amma babu mai iya cewa mu bi ta nan sai ya aro bakin wani da ya daɗe a kabari. Mu ma masu karin magana ne, Kawu ba ya gama hira bai jefa ɗaya ba. Sai dai karin magana gishiri ne, ɗan kaɗan ake barbaɗawa. Shi kuwa Oshii buhun ya juye cikin tukunya, ya ce bisimilla. Da masu fassarar fim na Kano za su ɗauki wannan, rabin faifai mai fassara zai nemi ruwa ya ce a sallame shi.

Akwai wani wuri, gidan wani ɗan kutse mai suna Kim, inda su Togusa suke shiga, a yi magana, sai a sake ganinsu a ƙofa suna shiga, a sake wata maganar, a sake komawa ƙofa. Da kai ne da tuni ka zare faifan ka hura masa iska ka goga a rigarka, ka ce an sayar mana da jabu. Ba jabu ba ne, ƙwaƙwalwar Togusa aka kutsa.

Kada ka ce na zalunci mutanen. Idona bai taɓa ganin zane irin wannan ba. Akwai jerin gwanon biki a wani birni na arewa, manyan gumaka da giwaye suna ratsa titi cikin hasken zinariya, kusan minti biyar ne amma sama da shekara aka yi ana zana shi. Wurin da ya fi kama ni kuwa babu magana ko ɗaya. Batou ya koma gida da dare, ya ɗumama wa karensa abinci, ya zuba a kwano, sannan ya sa hannun nan nasa na ƙarfe ya ɗage wa karen dogayen kunnuwansa don kada su faɗa ciki. A nan na ga kewar da yake yi wa Manjo, fiye da duk littattafan da aka sa shi haddacewa. Kada dai ka gaya wa Gwaggo kare a ɗaki yake kwana.

Ga abin da ya ɓata min rai da gaske. A ƙarshe an gano cewa yara mata ake sacewa, a kai su wani jirgin ruwa a teku, a riƙa kwafar kurwarsu ana zubawa cikin 'yan tsanan nan don su yi kama da masu rai, har yarinya ta ƙare. Wannan shi ne zuciyar labarin, amma minti kaɗan aka ba shi. Da aka ceto yarinya ɗaya, wadda ita da 'yar'uwarta suka sa 'yan tsanan tayar da hankali don a zo a cece su, sai Batou ya hau ta da faɗa, wai ba ta tausaya wa 'yan tsanan ba. Yarinyar ta fashe da kuka. Na gane Oshii yana so ne mu tambayi kanmu me ya raba mutum da abin da ya ƙera. Amma na farkon ya yi wannan tambayar da mai kwasar shara guda ɗaya, ta zauna mana a rai shekara da shekaru. Mu da muka san kukan uwar da aka sace wa 'ya, babu mai sa mu mu juya wa yarinya baya mu yi jimamin roba da waya.

Manjo ta leƙo dai daga baya, ta shiga jikin ɗaya daga cikin 'yan tsanan, Batou ya cire rigarsa ya yafa mata, suka yi faɗa kafaɗa da kafaɗa. Ban gama murna ba ta yi sallama ta koma inda ta fito. Washegari na kai ƙorafi wurin wani dattijo da muke aiki tare, ya yi dariya har ya ajiye sifana, ya ce shi da aka yi fim ɗin da harshen uwarsa ma barci ya kwashe shi a sinima.

Zan ba wani mai tahowa gida faifan ya kawo maka. Ka kalla da rana, bayan ka sha shayi mai kauri, ka rubuto min hukuncinka, in dai har yanzu ka iya riƙe biro. In zai dawo a haɗo min kuka da daddawa da yaji. Kada a sako kilishi, a filin jirgin nan ƙwace nama ake yi. Rigimar kuɗin shara kuma tana nan, za mu yi ta a waya, kuma kai za ka kira.

Ka gaida Gwaggo da kyau, ka gaida amarya.

Naka,
ɗan Kawunka