Bayani a Kan Silin da Ya Sha Ruwa: A Shanya Ko a Sauke?

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, masana silin a unguwannin Nima da Maamobi na Accra sun rabu gida biyu tun da allon jibsin da POP suka shigo ɗakunan Zango suna ture silin katako. Ɓangaren farko masu gidajen haya ne, waɗanda suka tafi a kan cewa duk silin da ya jiƙe zai bushe in an yi haƙuri. Na biyu 'yan haya ne, masu kwana a ƙarƙashinsa, waɗanda suka ce a sauke shi. Ba a san wanda ya taɓa sauya ra'ayi ba, sai ɗan hayar da Allah ya buɗa wa ya gina gidan kansa.

Asalin mas'alar shi ne, allon jibsin farin gari ne da aka daskarar tsakanin takardu biyu. Garin mashayin ruwa ne, takardar kuma abincin fumfuna. Wa'adinsa awa 24 zuwa 48. In ya zarce haka a jiƙe, baƙin ɗigo-ɗigo zai fito, sannan warin nan da baƙo ke ji tun daga bakin ƙofa, mai ɗaki kuwa ya rantse na maƙwabta ne.

Ruwa iri biyu ne. Akwai mai saukowa ta ramin ƙusa a kwano ko ta bututun famfo, wannan ana yi masa uzuri. Akwai mai tasowa daga babbar kwatar da ta ratsa Nima da Maamobi ta nufi kogin Odaw. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 ba sai an lissafa masa abin da irin wannan ruwa ke ɗauke da shi ba. Allon bangon da ya taɓa, babu saɓani, yanke shi ake yi, a ƙara kamar santimita 30 sama da inda ruwan ya tsaya.

Amma nau'in farko, alƙalinsa babban yatsa ne. Kashe wutar ɗakin tukuna. Ka danna. In allon ya tsaya ƙyam, tabo kawai ya yi, huda ɗan rami ruwan ya tsiyaye a bokiti, buɗe taga, in wayoyi sun bushe ka sakar masa fanka. In kuwa yatsa ya nutse kamar a curin fura, ko silin ya yi ciki, to ya halatta a kira kafinta.

Masu gida suna kafa hujja da hunturu, wai iskarsa tana busar da komai. Gaskiya ne. Sai dai ruwan Accra a Yuni yake tsananta, hunturu kuma sai Disamba, fumfuna ba ta san da wannan alƙawari ba. Akwai kuma wani ƙauli mai rauni na a shafa fenti. An jarraba, tabon yana dawowa, har da ƙannensa.

Saura wa zai biya. Dokar haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin da ake karɓa a gaba ga wata shida, al'ada ta faɗaɗa shi zuwa shekara biyu, don haka ɗan haya ba shi da abin riƙewa sai haƙuri da hanyar ofishin Rent Control.

Abin da muka rinjayar: a toshe kwanon kafin a taɓa silin, domin sabon allo ma mashayi ne. Kafin Alhaji mai gida ya gama nazari, ja katifarka daga wurin.